Amsa: Kallon wasan waƙa na Sinawa ba tare da jin yarensu ba

Malam, ka tambaya ko akwai amfanin shiga wasan waƙa na Sinawa a Bikin Fasaha na Hong Kong alhali ba ka jin yarensu. Shawarata ita ce ka je, domin galibi ana haska fassarar Turanci a gefen dandamali. Idan wasan gargajiya ne irin na Beijing, wanda UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2010, fuska da motsi ma suna ba da labari. Jan fenti a fuskar ɗan wasa yana nuna amana da jarumta, farin fenti kuwa na mayaudari ne, kuma ɗan wasan da ya riƙe bulala mai tuntaye yana kewaya dandamali, a kan doki yake. Ka karanta taƙaitaccen labarin kafin a kashe fitilu.