Amsa ga ɗalibin da kaɗaici ya dama a Ayalan

Wani ƙaninmu da ya sauka birnin Limerick na ƙasar Ayalan a watan Satumba domin karatun digiri na biyu ya rubuto cewa mutanen garin suna da fara'a, amma har yau babu wanda ya gayyace shi gida. Ya kuma tambaya ko zai iya ƙara lokacin aiki, da kuma ko zai iya zuwa Belfast gaida kawunsa a hutun Disamba.

Ƙanena, bari in fara da takardu. Katinka na zama mai ɗauke da Stamp 2, wato hatimin izinin zaman ɗalibai, ya ba ka izinin aikin sa'o'i 20 a mako lokacin karatu, da sa'o'i 40 daga Yuni zuwa Satumba da kuma daga 15 ga Disamba zuwa 15 ga Janairu. Kada ka wuce wannan, ko da wanda kake yi wa aiki ya roƙe ka, domin kai ne za ka amsa tambaya ranar sabunta katin. Belfast kuwa tana Ayalan ta Arewa, wadda ke ƙarƙashin Birtaniya. Babu shingen bincike na dindindin a kan iyakar, amma mai fasfo ɗin Najeriya yana buƙatar bizar Birtaniya kafin ya tsallaka. Ka roƙi kawu ya zo wurinka.

Batun kaɗaici ya fi damuna, musamman yanzu da duhu ke rufawa kafin ƙarfe biyar na yamma. Abin da ka gani ba ƙyama ba ce. Su ba su da al'adar shiga gida da sallama kawai, kuma yawancin zumuncinsu a mashaya ake ƙulla shi, inda mai kiyaye addininsa kan ji a takure. Sai dai akwai wata ƙofa: kusan kowace unguwa tana da kulob na GAA, ƙungiyar wasanninsu na gargajiya, kuma mutanen Limerick suna ji da wasan hurling (wasan ƙwallo da ake bugawa da sanda), wanda suka ɗauki kofinsa na ƙasa sau huɗu a jere daga 2020 zuwa 2023. Ka je kallo ranar Lahadi, ka tambayi na kusa da kai ƙa'idar wasan, za ka ga yadda baki zai buɗe. Suna da kara irin tamu: idan ka ƙi shayi a tayin farko za a sake yi maka, to a na biyu ka karɓa.

Kada ka kuskura ka kira su mutanen Ingila. Sun sha mulkin Birtaniya har zuwa 1922, kuma yunwar da ta soma a 1845 ta kori kusan mutum miliyan ɗaya daga ƙasar, saboda haka da wuya ka sami gidan da ba shi da ɗan ci-rani a Amurka ko Ostireliya. Idan hira ta kai nan, ka faɗa musu cewa limaman cocinsu sun buɗe makarantu a Jos da Kaduna. Mai yiwuwa wani dattijo ya ce maka ɗan'uwansa ya koyar a can.