Tukunyar Amarya, Wayar Wuta da Sarƙar Zinare: Amsoshin Tambayoyinku

Wata uwa daga Gusau ta rubuto cewa tana haɗa wa 'yarta kayan ɗaki. Ta rasa wadda za ta ɗauka tsakanin tukwanen ƙira na alminiyam, masu araha, da na silba marasa tsatsa da kuɗinsu ya fi yawa.

Hajiya, Allah ya sanya alheri. Kowane ƙarfe da halinsa. Alminiyam ba shi da nauyi, bai kai ko rabin nauyin baƙin ƙarfe ba, kuma zafi na ratsa shi da sauri, shi ya sa ruwan tuwo ke saurin tafasa a cikinsa. Yana narkewa a digiri 660, baƙin ƙarfe kuwa sai an haura 1,500. Wannan ne ya sa maƙeri ke iya zuba tukunya a bayan kasuwa da gawayi da zugazugi.

Damuwata tana kan abin da ake narkawa. Sau da yawa tarkace ne na 'yan gwangwan: fistan na mota, gwangwanaye, tsofaffin sassan inji. A cikin irin wannan tarkace akan samu dalma, kuma gwajin da aka yi wa irin waɗannan tukwane a Kamaru ya nuna tana iya fita ta shiga abinci. Mutumin Zamfara ba sai an yi masa bayanin gubar dalma ba: a 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ƙurar dutsen zinare mai ɗauke da ita. Ta tukunya ba ta kai wannan ba ko kusa, amma dalma taruwa take yi a jiki, kuma ƙananan yara ta fi cutarwa.

Ga kuma wani abu da mata suka sani ko ba su shiga ajin kimiyya ba: tsami yana cin alminiyam, kanwa ma tana cin sa. Miyar yakuwa, zoɓo, kunun tsamiya, tumatir, duk bai kamata su kwana a cikinsa ba. Silba kuwa baƙin ƙarfe ne da aka gauraya da wani ƙarfe mai suna kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, wanda ke yi masa wata siririyar fata da ke hana tsatsa. In kin ga 18/8 ko 304 a gindin tukunya, mai kyau ce. Aibinta ɗaya, in gindin siriri ne abinci kan kama.

Da ni ce, zan saya mata silba biyu ko uku masu kaurin gindi don miya, sannan babbar tukunyar alminiyam ta kamfani don tuwo da dafa ruwa. Na ƙira a bar su.

Wani magidanci a Maradi yana shirin jan wuta a sabon gida, an kawo masa waya iri biyu, ɗaya rabin kuɗin ɗaya, dukansu jajaye.

Malam, ka sa wuƙa ka kankare bakin kowace. Tagulla ja ce har ciki. In fari ya bayyana, alminiyam ne aka yi wa rigar tagulla. Ka kuma ɗaga naɗin biyu a hannu, domin tagulla ta ninka alminiyam nauyi fiye da sau uku. Alminiyam yana ɗaukar wuta kusan kashi 61 cikin ɗari ne na abin da tagulla mai kauri ɗaya ke ɗauka, ga shi yana sassautawa a mahaɗa ya yi zafi. Waya cikin bango take shiga, ba a sauya ta kamar ƙwan fitila. Sayi tagulla.

Ta ƙarshe, wata amarya tana tambaya ko maganaɗisu ya isa ya tabbatar mata sarƙarta zinare ce.

Ƙanwata, bai isa ba. Zinare ba ya bin maganaɗisu, gaskiya ne, amma tagulla da azurfa ma ba sa bin sa. Duba lambar da ke jikin maƙulli: 750 karat 18 ke nan, 875 karat 21, 916 kuma karat 22. Tunda lamba ma ana buga ta bogi, ki kai wa wani mai zinare daban, ba wanda ya sayar miki ba, ya goga a dutse ya ɗiga ruwan gwaji a gabanki, ya kuma auna miki giram.