Shin Zullumin Jiran Sakamakon Gwajin Mama Raunin Imani Ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, Allah ya ƙara ilimi. Ni matar aure ce a Gombe, shekarata 44. An ɗauki hoton mamana a asibiti, likita ta ce an ga wani abu, aka rubuta BI-RADS 4 a takarda. Sun sa allura sun ɗebi 'yar tsoka, suka ce in dawo bayan mako biyu. Tun ranar barci ya ƙaurace mini, ko a salla hankalina ba ya jikina. Yayata ta ce raunin imani ne, maƙwabciyata kuma ta ce ta raka ni wurin mai duba. Ina da zunubi? Kuma yaya zan yi wanka ga filasta a wurin?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar uwa, Allah ya ba ki lafiya, ya sa mu ji alheri.

Ba ki da zunubi, kuma yayarki ta yi kuskure duk da nufinta na alheri. Tsoron da ke faɗo wa zuciya ba da zaɓin mutum ba, shari'a ba ta kama bawa da shi, domin Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da zai iya, kamar yadda ya zo a ƙarshen Suratul Baƙara. Annabi Musa (AS) ya ji tsoro a ransa ranar da ya fuskanci matsafan Fir'auna, Suratu Ɗaha aya ta 67 ta faɗa, kuma Allah bai zarge shi ba, cewa ya yi da shi kada ya ji tsoro. Annabi Yaƙub (AS) ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Sa'id da Abu Huraira cewa babu wata gajiya, ko ciwo, ko damuwa, ko baƙin ciki da zai sami musulmi, har ƙayar da za ta soke shi, face Allah ya kankare masa zunubai da shi. Ke nan daren da kike kwana ido biyu yana cikin abin da ake ba ki lada a kansa idan kin yi haƙuri. Abin da aka hana shi ne fushi da hukuncin Allah, da yanke ƙauna daga rahamarsa, da fatan mutuwa. Sallarki ta yi, ba sai kin rama ba. Idan shakka kan raka'o'i ta zama kullum, hukuncin mai yawan kokwanto a mazhabar Malikiyya shi ne ya yi watsi da ita, ya yi sujada ba'adiyya.

Zuwa wurin mai duba haramun ne. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ta kwana 40 ba. Istihara ma ba a yin ta don a san abin da ke cikin takardar asibiti.

Wani ɓangare na zullumin nan rashin sanin abin da ake yi ne, don haka ki fahimci takardarki. BI-RADS ma'auni ne daga 0 zuwa 6 da masu karanta hoton mama ke amfani da shi. Lamba 4 tana nufin an ga abin da ya kamata a tantance, ba ta nufin an tabbatar da ciwon daji, wato sankara. Idan an rubuta 4A, yiwuwar daji ba ta wuce kashi 10 cikin 100 ba. 4B da 4C sun fi haka. A Amurka, inda ake yawan wannan gwaji, kusan 4 cikin 5 na tsokar da ake ɗiba ba daji ba ce: ko jakar ruwa, ko ƙullutu mara illa. Ba na yi miki alƙawarin sakamako, gaibu na Allah ne, amma bai dace ki yanke wa kanki hukuncin da likita bai yanke ba.

Jinkirin kuwa na aiki ne. Tsokar sai ta sha maganin fomalin na sa'o'i, a tsane ruwanta, a daskarar da ita cikin kakin farafin na ɗakin gwaji, a yanka ta siririya fiye da silin gashi, a rina, sannan likitan da ya ƙware a binciken irin wannan tsoka ya duba ta a madubin ƙara girma. Wani lokaci ya buƙaci ƙarin rini ko ra'ayin abokin aiki. Daɗewa ba alamar mugun labari ba ce. Haka idan aka ce a sake ɗiba, sau da yawa abin da aka samu ne bai isa ba ko bai dace da hoton ba. Maganar da ake yi a gari cewa daji ba ya son ƙarfe, wai allura na watsa shi, kada ta tsorata ki. Wannan gwaji shi ne hanyar da likitoci suka dogara da ita a ko'ina.

Game da tsarki: jinin da ya fito daga wurin allura ba ya warware alwala a Malikiyya. Idan wankan wajibi ya kama ki kuma likita ta ce kada ruwa ya taɓa wurin, yawanci kwana ɗaya zuwa biyu, ki wanke sauran jiki, ki shafi saman filastar sau ɗaya da jiƙaƙƙen hannu. Idan an cire ta, sai ki wanke wurin. Ɗan kumburi da taruwar jini ƙarƙashin fata abu ne da aka saba gani, farasitamol ya isa. Amma idan kika ga ja yana faɗaɗa, ko mugunya, ko zazzaɓi, ko jini ya ƙi tsayawa bayan kin danne, ki koma asibiti a ranar. Kada a yi sakiya, kada wanzami ya tsaga, kada a liƙa wani haɗi a kan ramin allurar.

Tofi da addu'a kuwa sunna ne. Annabi (SAW) ya koya wa Usman bn Abil As ya ɗora hannu inda ke masa ciwo, ya ce Bismillah sau uku, sannan sau bakwai: A'uzu billahi wa ƙudratihi min sharri ma ajidu wa uhaziru. Wato neman tsari daga sharrin abin da kike ji da wanda kike tsoron zuwansa. Ki riƙe ta safe da yamma, da Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi lokacin kwanciya. Ki ajiye waya da dare. Hotunan masu ciwon da ya yi nisa ba labarinki ba ne. Ki gaya wa maigidanki ko mace ɗaya mai riƙe sirri. Wannan ba kai ƙarar Allah ba ne, Nana A'isha ta ce wayyo kaina a gaban Annabi (SAW) bai hana ta ba. Idan rashin barci da rashin cin abinci suka ɗore, ki faɗa wa likita, kada ki sayi maganin barci a kemis da kanki.

Abin da na fi ji miki tsoro shi ne fargaba ta hana ki komawa. Mata da yawa a ƙasar nan ba sa isa asibiti sai ciwo ya ci jiki, alhali sankarar mama idan aka kama ta da wuri ana warkewa da izinin Allah. Annabi (SAW) ya ce ku nemi magani bayin Allah, kuma a fahimtata karɓo wannan sakamako wajibi ne a kanki, tunda barinsa na iya halaka rai. Ki adana katinki da lambar gwajin, ki je ranar da aka sa miki tare da wanda zai taya ki saurare, ki nemi kwafin takardar, ki tambayi likita mataki na gaba da ranarsa. Idan ba ki sami likita mace ba, ya halatta namiji ya duba gwargwadon buƙata, da wata mace ko muharrami a ɗakin.

Wallahu a'alamu.