Ɗanyen Katako Ba Ya Riƙe Fenti

Kai yaro, wai me ya sa ba za mu shafa wa takubban nan fenti yau ba, tunda ka goge su sun yi sumul kuma masu fim na jira? Ajiye burushin nan. Ɗauki ɗaya ka ɗora a kumatunka. Ka ji sanyi ko? Ruwa ne a ciki. Malainar nan ba ta daɗe da tsagawa ba, dusarta ma dunƙulewa take yi a hannu. Ka rufe ta da fentin mai yanzu, ruwan ya rasa ƙofar fita, sai ya kumbura fentin ya ɓare shi.

Wannan "suna jira" da ka faɗa, ita ta cinye min injin feshina. Wani furodusa ne ya zo min da aikin fim ɗin sarauta, ƙarshen damina: karagar sarki, sandunan dogarai, garkuwoyi da takubba. Na ce ya bari in shiga 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano in zaɓo da kaina, busasshen maɗaci na karaga, obece na takubba saboda rashin nauyi. Ya ce tsada, yana da ɗan'uwa mai sayar da katako. Sai ga shi da maje, ɗanye shataf, ƙaro na tsatsowa daga jikinsa. A gaban yaronsa na ce masa, "Alhaji, wannan zai dare." Ya rantse shi ya ji ya gani, in dai ya fito a kyamara shi ke nan. Ya ba da kafin alƙalami, ya ce ciko sai an kai kaya.

Na hana idona barci a kan karagar nan. Dagin da ke jikin majinginarta da hannu na sassaƙa shi, zare bisa zare, har yau ban ga wanda ya yi irinsa a layin nan ba. Na sa ja, na bi gefe da ruwan zinariya. Shafi na biyu bai kama jikinsa ba ya turo a-kori-kura, aka jibga kayan kan juna ko buhu babu a tsakani, aka kai wani ƙauye aka zube a rana. Ɗaukar fim ta ja baya, hunturu ya shigo. Majinginar ta dare ta tsakiyar dagin, ƙaro ya huda fenti ya fito, ya manne a babbar rigar mai fitowa a sarki.

Mutumin nan da jama'a ya zo min shago, yana ɗaga murya wai ban iya aiki ba, wai ma in biya kuɗin riga. Na ce a kira yaron da aka yi maganar a gabansa. Yaron ya dubi ƙasa ya ce shi bai ji komai ba. Ciko kuwa ko sisi. Injin na sayar na sallami waɗanda suka taya ni. Abin da ya fi ci min rai, fim ya fito, ga karagata nan daga farko har ƙarshe, sun yafa darduma a kan tsagar, kuma a jerin sunayen ƙarshe har mai kawo abinci an sa, ban da ni. Allah ya isa, ban yafe ba.

Ku yaran yanzu kuna kallon Turawa a waya suna yanka katako suna fesa fenti nan take. Nasu a na'ura aka busar da shi kafin ya zo hannunsu. Ba ku tambaya, sai gaggawa.

Zancen sanfefa ba zan tsaya a kai ba, daga mai kaushi lamba 80 zuwa 120 zuwa mai laushi 220, kana bin tsawon katako, wanda ya zo jiya ma ya sani. Abin da nake so ka riƙe shi ne idon katako, wato gurbin da reshe ya fito: ka rufe shi da banish irin na shellac ya bushe kafin andakot, wato shafin farko na ƙasan fenti, in ba haka ba zai fito rawaya ko shafi nawa ka yi. Bakin yanka kuma, wato ƙarshen katako inda zarto ya datse, shan fenti gare shi, ba shi shafi biyu tun farko. Kayan fim ba a sa musu fenti mai sheƙi, fitila na dukansa sai ya tona asirin katako ne. Takobi baƙi ake fara sa masa, a bi da silba sama-sama, ya kwana, sannan a murza garin bakin fensir a kaifin da tsumma. Ko maƙeri sai ya taɓa zai gane.

Yanzu kwashe su ka kai inuwar bayan shago, kada ka kuskura ka sa a rana, za su lanƙwashe. Jera su da 'yan sanduna a tsakani iska ta ratsa. In masu fim sun kira ka, ka ba ni wayar.