Me ya sa ake zafafa haɗin amoniya alhali zafi yana rage ta?

Tambaya: Malam, ina aji biyu na babbar sakandare a Daura. An koya mana cewa haɗa naitirojin da haidirojin don samar da amoniya yana fitar da zafi, kuma ƙarin zafi yana rage amoniyar. To me ya sa masana'antu ke kai zafin haɗin digiri 450 na ma'aunin Celsius?

Amsa: Ɗiyata, abin da aka koya maki daidai ne. Haɗin shi ne N₂ + 3H₂ ⇌ 2NH₃, yana sakin zafi kilojul 92. Amoniya tana haɗuwa tana kuma warwarewa a lokaci guda har saurin biyun ya zo ɗaya, wato daidaito, kuma ƙa'idar Le Chatelier ta ce in aka takura wa daidaiton, sai ya karkata inda zai rage takurar. Warwarewar ce ke shan zafi, don haka ƙarin zafi baya yake mayar da shi.

Sai dai naitirojin taurin kai gare shi. Ƙwayoyinsa biyu ɗaure suke da ɗauri uku, a zafin ɗaki ko shekara aka yi ba abin da zai motsa. Ko da ƙarfen da ake sawa ya hanzarta haɗin, wato katalis, aikin ba ya gudu sai an kai wajen digiri 400. Shi ya sa aka tsaya tsakanin 400 da 450: an sallama wani kaso na amoniya don a samu sauri.

Matsi ne ke rage asarar. A lissafin haɗin da ke sama, ƙwayoyin iska huɗu ne a hagu, biyu a dama wajen amoniya, in aka matse sai daidaiton ya gudu dama. Ana kai shi kusan ninki 200 na matsin iskar duniya. Wuce hakan tsada ne, ga haɗari: haidirojin mai zafi yana cinye kabon ɗin da ke cikin baƙin ƙarfe har bututu ya tsage. Carl Bosch, wani injiniya Bajamushe, ya magance wannan da yi wa cikin bututun shimfiɗar ƙarfe mai laushi, kafin a buɗe masana'antar Oppau ta Jamus a 1913.

Duk da haka, kusan kashi 15 cikin 100 ne ke zama amoniya a zagaye ɗaya. Sai a sanyaya iskar, amoniya ta zama ruwa a janye ta, ragowar ta koma ciki. Janyewar ma dama take jan daidaiton. Da wannan amoniya ake yin takin yuriya da manomanmu ke saye da damina.

Ga inda ɗalibai ke faɗuwa a jarrabawar WAEC: katalis ba ya matsar da daidaito ko kaɗan, saurin isa wurin kawai yake ƙarawa. Kuma farar wuta ko iskar kabon monoksaid, ko ƙalilan ce, tana kashe katalis ɗin, dole a tace iskar kafin ta shiga.