Amsa: fanfon sitiyari yana yoyon mai

Malam, ka ce sitiyarin Hilux ɗinka ya yi nauyi, yana kuka in ka murɗa, kullum da safe kuma sai ka tarar da jan mai a ƙasa. Kada ka yi gaggawar sayen sabon fanfo tukuna.

A wanke wurin tas, a tada mota, wani ya murɗa sitiyarin, kai kuma kana leƙawa da tocila. Zafin Damagaram yana busar da roba, sau da yawa tiyo ne ya tsage ko 'yar robar bakinsa ta mutu. Ni haka ta faru da ni, na canza fanfo a banza, ashe tiyo ne. Amma in man daga bayan fuli (faifan da bel ke juyawa a jikin fanfon) yake tsattsafowa, to fanfon ne.

In an ɗaura wani fanfon, ka tsaya a kan bakaniken ya fitar da iska: a ɗaga gaban motar, a zuba mai, inji a kashe, a murɗa sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe har kumfa ta daina tasowa. Man kuwa duba murfin tankin man sitiyarin, yawancin Toyota ATF (man giyar otomatik) suke sha.

Don Allah kada ka kama hanyar Tanout da tankin a bushe, fanfon zai ƙone.