Tambaya da Amsa: Tayil mai kamar katako da mai kamar marmara

Tambaya: Assalamu alaikum. Gininmu ya kusa kammala. Ina son tayil mai kamar katako a ɗakunan kwana, mai kamar marmara kuma a falo da banɗaki. An ce in nemi fosilin, amma a idona duk ɗaya suke da sauran tayil. Me zan duba kafin in saya? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki fara da karanta bayanan da ke jikin kwalin tayil ɗin, kada zanen ya ɗauke miki hankali. Fosilin wani nau'in tayil ne mai tauri da ake gasawa da zafin da ya kai wajen digiri 1200, shi ya sa ruwan da yake sha bai wuce kashi 0.5 cikin ɗari ba. Ki juya tayil ɗin ki ɗiga ruwa a bayansa: in ya tsotse nan take, ba fosilin ba ne.

Tayil mai kamar marmara mai sheƙi a daɓen banɗaki ba mu ba ki shawara ba ko kaɗan, domin da ya jiƙe santsi yake kamar an zuba sabulu. Ki sa shi a bango, a ƙasa ki nemi marar ƙyalli mai lambar R10 ko R11, wato ma'aunin hana santsi. Falon da ake yawan takawa yana son PEI 4, wato ma'aunin jure gogar ƙafa. PEI 3 ya isa ɗakin kwana.

Mai kamar katako shi ya fi neman kulawa. Zanen bugawa ake yi da na'ura, to ki tambayi yawan fuskokinsa, wato zane iri nawa ne daban-daban. In kaɗan ne, za ki riƙa ganin ƙulli ɗaya yana maimaituwa a ɗaki, asirin ya tonu. A shimfiɗa kwali biyu ko uku a ƙasa ki gani da hasken rana. Dogayen tayil kuma, irin mai santimita 20 da 120, sukan ɗan lanƙwashe a tsakiya wajen gashi. Idan mai aiki ya jera su rabi da rabi kamar bulo, tudun wannan zai haɗu da bakin wancan, ƙafa ta riƙa tuntuɓe. Kada gocin ya wuce kashi ɗaya bisa uku na tsawon.

Ki tabbata lambar launi da ta girma ɗaya ce a duk kwalayen, don gashi daban launi daban. Ki ƙara kashi 10 cikin ɗari saboda yanka da fashewa, 15 in a karkace za a jera.

Sai ɗauri. Tunda fosilin kusan ba ya shan ruwa, siminti da yashi kawai ba sa riƙe shi sosai. Nan gaba sai ki ji yana ƙarar ganga, ya ɓalle. A yi amfani da gam ɗin tayil mai lambar C2, a shafa a daɓe da bayan manyan tayil, a bar tazarar milimita 2 aƙalla a tsakani, a cike ta da abin cike tsakanin tayil mai launin da ya yi kusa da na tayil ɗin.